Jawabin maraba ga baƙonmu Farfesa, masanin lissafin cika da janyewar teku

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, malamanmu, da ɗaliban da suka cika ɗakin nan tun safe, sannunku da zuwa. Ranka ya daɗe Farfesa, barka da zuwa Kaduna garin gwamna, sannu da hanya, da fatan ka baro iyali lafiya a Legas.

Na san wasu a kujerun baya can suna raɗa, wai me ya haɗa ɗan Kaduna da teku? To ai kwantenar da ake saukewa a tashar tsandauri ta Kakuri, wadda aka buɗe a 2018, jirgin ruwa ne ya fara kawo ta bakin teku, kuma jirgin da ya sha kaya ba ya shiga tasha da ka, dole matuƙi ya san zurfin ruwa a wannan sa'ar. Ga kuma makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA a garin nan, inda hafsoshin sojan ruwa ke fara samun horo.

Aikin baƙonmu kenan. Teku a gaɓarmu yana cika ya janye sau biyu a rana, tsakanin cika da cika wajen awa 12 da minti 25, shi yasa kullum lokacin yake ƙara jinkiri da kusan minti 50, saboda wata ne ke jan ruwan, rana kuma tana taya shi. Lokacin tsayuwar wata da daren sha huɗu ruwan ya fi cika sosai. Wannan ɓangaren tun tuni aka gama da shi, masani Laplace ɗan Faransa ya rubuta lissafinsa tun wajen 1775. Inda gizo ke saƙar shine bakin gaɓa, domin watan da ke jan ruwan ɗaya ne amma a Legas tashin ruwan bai wuce kamar mita 1 ba, a Kalaba ya kai kusan mita 3, a mashigin Fundy na Kanada kuwa har wajen mita 16, wallahi abin mamaki, kuma duk yanayin ƙasan teku ne da siffar gaɓa ke jawo haka, igiyar in ta shigo wuri mara zurfi sai ta rage gudu ruwa ya taru ya yi sama.

Abin da su Farfesa ke yi a kwamfuta shine su yanka tekun gida-gida kamar gidan dara, kowane gida a saka masa zurfinsa da yadda laka ko yashin ƙasa ke riƙe ruwa, sannan a shigo da igiyar daga babban teku a bar na'ura ta yi ta lissafin ruwan da ya shiga kowane gida da wanda ya fita, daƙiƙa bayan daƙiƙa. Tun 1992 da aka harba tauraron ɗan'adam na TOPEX/Poseidon ake auna tsayin teku daga sama ba yankewa, amma kusa da gaɓa har yanzu sai an gwada amsar kwamfuta da ma'aunin ruwan da aka kafa a tasha. Ni a ganina nan ne wahalar take, in zurfin da ka ba na'ura ba daidai ba ne to hoton zai fito da kyau amma ƙarya ce tsagwaronta, ga shi a Neja Delta yashi baya zama wuri ɗaya.

Ranka ya daɗe, roƙonmu ɗaya ne. Muna da yara masu kai a lissafi da firogiramin, bayanan awo ne bamu da su. In da hali a bamu ko na tasha ɗaya mu fara da shi, a kuma ɗauki biyu ko uku su je su ga tekun da idonsu.

Kar in cinye maka lokaci, ɗalibai a kashe ƙarar waya don Allah. Bismillah Farfesa, ga makirufo.