Tulin da Aka Bari a Arlit

Assalamu alaikum jama'a. In ka tashi daga Kaduna ka bi ta Kano da Daura, ka shiga Nijar ta Damagaram, ka nausa arewa har Agadas, saura tafiyar kilomita kusan 240 ka isa Arlit. Gari ne da aka kafa saboda dutse guda ɗaya, yuraniyom, makamashin da ake kunna tashoshin lantarki na nukiliya da shi.

A 1971 kamfanin Somair ya fara haƙa a can. A 1978 Cominak ya biyo baya a Akokan, dab da Arlit, shi kuma ƙarƙashin ƙasa ya nutsa. Duk biyun kamfanin Faransa ne ya ja ragamarsu, wanda aka sani da Areva, yanzu Orano. Kafin Yunin 2025, a Somair yana da kashi 63 cikin ɗari, Nijar na da saura. Faransa na samun kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarta daga nukiliya, alhali a Nijar mafi yawan gidaje ko ƙwan lantarki babu.

To, ina gubar wannan haƙa take?

Ku saurara da kyau, don nan ne gizo ke saƙar. A cikin tan guda na dutsen da aka fasa, yuraniyom ɗin bai wuce 'yan kilo ba. Sai an niƙe dutsen, an jiƙa shi da ruwan asid, sannan a tace wani gari mai ruwan ɗorawa a zuba a ganguna a fitar waje. Tuƙar da ta rage kuwa nan ake barinta, kuma akasarin tiririn nukiliya da ke cutar da jiki yana cikinta, bai bi gangunan ba. Akwai radiyom a ciki, wanda sai bayan shekara 1,600 rabin ƙarfinsa ke raguwa. Shi ke fitar da iskar radon, ba launi ba wari, mai haddasa sankarar huhu. Iska ta kwashi ƙurar, ruwa ya tsotsi gubar ya gangara da ita ƙasa. A hamada kuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa shi ne rai, kuma na can tsohon ruwa ne, in ya lalace ba damina da za ta mayar da shi.

Da aka rufe Cominak a ƙarshen Maris na 2021, tan miliyan 20 na wannan tuƙa aka bari a fili. Orano ya ce zai rufe tulin da yumɓu da dutse mai kaurin mita biyu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda ya fara tona maganar. Wani ma'aikacin mahaƙar ne, Almoustapha Alhacen, da ƙungiyarsa Aghir In'Man, suka gayyato masu gwaji na CRIIRAD, wata ƙungiya mai zaman kanta da ke auna tiririn nukiliya, daga Faransa a 2003. A 2009 ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta je ta auna. Cikin samfurin ruwa biyar na Arlit, huɗu sun haura ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. A wani titi na Akokan tiririn ya ninka na al'ada kusan sau 500. An kuma tarar da tsofaffin ƙarafan mahaƙar a kasuwa, mutane na saya suna aikin gida da su. Duk wannan aikin hukuma ne, amma hukumar da ke da hannun jari a kamfani, tana jiran kasonta, da wuya ta ɗaga masa murya.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta ƙwace lasisin mahaƙar yuraniyom ta Imouraren daga Orano a Yunin 2024, a Yunin 2025 ta mayar da Somair mallakin ƙasa. Mutane da yawa a nan sun yi murna, ni ma na ga dalilinsu, don shekara 50 ana kwasa talakan Arlit bai gani a ƙasa ba. Sai dai tulin nan bai san an sauya mai gida ba. Yanzu mai haƙa da mai sa ido sun zama mutum ɗaya.

Mu dawo gida. Ana haƙar zinare a Birnin Gwari, baƙi na ta zuwa neman litiyom a Arewa, maƙwabtanmu na Jos kuma har yau suna zaune da ramuka da tuƙar kuzar da Turawa suka bari. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa kamfani ƙulla yarjejeniya da al'ummar wuri kafin ya fara aiki, da tanadin gyaran ƙasa in ya gama. Muna da NESREA mai kula da muhalli, da NNRA mai kula da harkar nukiliya, ga cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Don haka, ranka ya daɗe hakimi, malam mai unguwa, kafin ku sa hannu ku nemi a auna ruwan rijiyoyinku, a ba ku sakamakon a rubuce ku adana.

A Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gubar dalma daga niƙan dutsen zinare ta kashe yara fiye da 400. Ba mai duba mahaƙa ne ya gano ba. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne suka lura yara na ta mutuwa, suka fara tambaya.