Me Ya Sa Masu Gadin Daji Ke Cinna Masa Wuta?

[Ma'aikaci yana cinna wuta a gindin wata ƙatuwar bishiya]

Ku dakata da tsinuwa tukuna. Wannan bawan Allah aikinsa yake yi, har albashi ake biyan sa. Na san abin da za ku ce: bishiyar da ta shekara 2,000 ba da taimakon kowa ba, ai sai a ƙyale ta.

To, daidai nan ake ruɗewa. Nan Kaliforniya ce a Amurka, bishiyar kuma sekoya. A da, wuta kan ratsa dajin a kai a kai, wata ta tsawa, wata ta 'yan asalin yankin. Ƙaramar wuta ce, ta lashe ganye da ƙirare ta wuce. Sekoya ko a jikinta, don ɓawonta kauri gare shi. Zafin ma shi ke buɗe kwanson 'ya'yanta, iri ya zuba a ƙasar da wuta ta share.

Sai hukumomi suka shiga kashe kowace wuta. A 1935 hukumar gandun dajin ƙasar ta ce duk wutar da ta tashi a kashe ta kafin ƙarfe 10 na safen washegari. Kashe wuta fa shi ma sa hannu ne! Busassun itatuwa suka yi ta taruwa, ƙananan bishiyoyi suka cike tsakani, suka zame wa wuta tsani har ƙololuwa. Ga kuma fari, wato ƙarancin ruwan sama. Gobarar Castle ta 2020 kaɗai, an ƙiyasta ta hallaka kashi 10 zuwa 14 cikin 100 na manyan sekoya. Shi ya sa ma'aikata ke cinna ƙaramar wuta da gangan, don ta lashe abin da ya taru. Dajin da aka hana wa wuta shekara 100, a ganina, ba shi ake cewa a ƙyale ba.

[Gindin ƙatuwar sekoya mai suna General Sherman a naɗe, 2021]

Eh, bishiya ce aka naɗe da abin kare wuta.

Amma kar ku ɗauka ko'ina haka ne. A dajin Biyalowieza na Poland, gwamnati ta ƙara yawan sare itatuwa a 2016, wai maganin ƙwaron da ke cin ɓawo take yi. Masana suka ce mataccen itace a tsohon daji ba shara ba ne, gidan tsuntsaye da ƙwari ne, idan ya ruɓe kuma taki. A Afrilun 2018 kotun Tarayyar Turai ta ce sarewar ta saɓa doka.