Magungunan Sakin Tsoka da Yadda Jiki Yake Kamuwa da Su

Wani masanin harhaɗa magunguna ne ya gabatar da wannan lacca a birnin Maradi, gaban ɗalibai masu koyon aikin jinya da masu sayar da magani da wasu iyaye. An rubuto ta daga muryar da aka naɗa a zauren.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida malamaina da ke zaune a gaba, ina gaida iyayenmu mata da ke can baya, da ku ɗalibai. Abubuwa huɗu na yi niyyar taɓawa: waɗanne magunguna ne, yaya suke aiki a jiki, ta ina suke shigo mana, sannan yaya ake rabuwa da su.

Na farko ba zai ɗauke mu lokaci ba. Magunguna ne da lokotoro yake rubuta wa wanda bayansa ya riƙe, ko wuyansa ya ƙage, ko tsokarsa ta murɗe bayan ya ɗauki kaya mai nauyi. Akwai carisoprodol, wanda Amurkawa suka sani da suna Soma, akwai methocarbamol, akwai thiocolchicoside, wanda ma'aikatan farmasi suka saba gani da suna Coltramyl, akwai baclofen, akwai kuma diazepam, wato Valium, wanda samari ke kira D5. Dukansu da takardar lokotoro ya kamata a saye su, kuma in ban da baclofen da ake bai wa masu ciwon laka na dogon lokaci, na ƴan kwanaki ne. Carisoprodol bai kamata ya wuce mako 2 zuwa 3 ba. Thiocolchicoside na haɗiya kuwa, hukumar magunguna ta Turai ta ƙayyade shi a kwana 7 tun 2013.

Na biyu shi ne inda nake so ku ba ni hankalinku. Mafi yawan mutane suna zaton ƙwayar tana tafiya ne kai tsaye wurin tsokar da ke ciwo ta warware ta. Ba haka abin yake ba. Yawancin waɗannan magunguna a ƙwaƙwalwa da laka suke aiki. A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ake kira GABA, aikinsa shi ne rage kuzarin jijiyoyi, ya lafar da su. Diazepam da carisoprodol suna ƙara wa wannan sinadari ƙarfi, sai jijiyoyi su lafa, tsoka ta saki, amma tare da ita tunani ma ya saki, damuwa ta kwanta, barci ya zo. Ciwon yana nan inda yake, ɗan aiken da ke kai labarinsa ne aka sa ya yi barci a hanya. Na ga wani ɗalibi can gefen taga ya fara gyangyaɗi, ina fata zafin rana ne, ba abin da muke magana a kai ba.

To, ku dubi carisoprodol da kyau, domin labarinsa ya ishi mai hankali. A shekarar 1955 aka fito da wani maganin kwantar da hankali a Amurka mai suna meprobamate, ana sayar da shi da suna Miltown, a Faransa kuma Equanil. Mutane suka yi ta sha, har aka gane cewa wanda ya saba da shi ba ya iya bari cikin sauƙi. A 1959 aka fito da carisoprodol a matsayin maganin ciwon baya. Abin da nake so ku riƙe shi ne, idan mutum ya haɗiyi carisoprodol, hantarsa ce take juya wani kaso nasa ya koma meprobamate ɗin nan. Bari in maimaita, domin masu rubutu. Mutum ya sayi maganin ciwon baya, hantarsa ta mayar masa da shi maganin kwantar da hankalin da aka daɗe da sanin yana kama mutane. Shi carisoprodol cikin kamar awa 2 rabinsa ya bar jini, amma meprobamate sai ya kai wajen awa 10 kafin rabinsa ya fita. Wanda yake sha safe da rana da dare, kafin na jiya ya gama fita na yau ya tarar da shi, haka yake taruwa.

Ita kuma ƙwaƙwalwa ba ta zama ta naɗe hannu. Idan ta ga kullum ana danne ta, sai ta rage jin maganin, ta ƙara nata kuzarin domin ta daidaita. Shi ya sa ƙwaya ɗaya da ta kwantar da mutum a makon farko ba ta yi masa komai bayan wata guda, sai biyu, sai huɗu. A nan ne kuke ganin abin da ku masu jinya kuka sani: lebura mai sauke buhunan gero a kasuwa, ko ɗan kabu-kabu da ya wuni a kan babur, ya zo teburin mai shayi da asuba, ya ɓare ƙwayoyi daga falle ya watsa a baki ya kora da shayi mai zafi, tun bai sa komai a cikinsa ba. Ku kula da harshensa, ya yi nauyi, kalmomi suna jan juna. Ku kula da idonsa a lumshe. Idan ya miƙe zai ɗora ƙafa kan babur sai ya kuskure sau ɗaya kafin ya samu. Wannan mutum zai ɗauki mace mai goyo ya bi titi da ita. Idan ka tambaye shi, zai ce maka don ya ji ƙarfin aiki yake sha, alhali ƙarfin ba ya ƙaruwa, gajiyar ce ya daina ji.

Ni a ganina, kuma wannan ra'ayina ne, kuskuren da muke yi shi ne mu ɗauka duk wanda ya kamu ɗan iska ne tun asali. Da yawa da ciwon baya na gaskiya suka fara, da takardar lokotoro ta gaskiya, sai takardar ta ƙare, ciwon bai ƙare ba, mai tallar magani kuma ba ya tambayar takarda.

Turawa sun gane haɗarin waɗannan magunguna tuntuni. A 2007 hukumar magunguna ta Turai ta ba da shawarar a dakatar da carisoprodol. Amurka ta sa shi cikin magungunan da ake sa wa ido daga farkon 2012. Tsofaffin ma'aikatanmu za su tuna wasu magungunan sakin tsoka biyu, Myolastan, wanda aka janye a 2013, shi saboda mummunar illa ga fata, da Décontractyl da Faransa ta janye a 2019 saboda mutane suna kamuwa da shi. A watan Maris na 2025 kuma hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta sa carisoprodol cikin jerin abubuwan da ƙasashe za su riƙa sa wa ido.

Ina muke, na uku ko na huɗu? An ce na uku. To, zan gaggauta. Bayan Indiya ta tsaurara doka kan tramadol a 2018, masu fataucin suka nemi madadi. A watan Fabrairu na 2025 binciken BBC ya nuna ana haɗa carisoprodol da tapentadol, wanda dangin tramadol ne amma ya fi shi ƙarfi, a cikin ƙwaya ɗaya, ana turowa Najeriya da Gana da Kodibuwa da sunaye irin su Tafrodol. Babu ƙasar da ta yarda da wannan haɗi a matsayin magani, kuma cikin kwanaki Indiya ta hana yin sa da fitar da shi. Haɗarinsa shi ne dukansu biyu suna danne numfashi. Idan aka ƙara giya ko diazepam a kai, mutum yana iya kwanciya barci numfashinsa ya yi ta raguwa har ya tsaya. Mu da ke nan ba sai an gaya mana nisan Maradi da Jibiya ba, abin da ya shiga kasuwar can ba ya daɗewa bai iso ta nan ba. Hajiya, na ga hannunki, bismilla.

Wata mata daga baya ta ce: Malam, idan uwa ta tsinci irin waɗannan ƙwayoyi a aljihun ɗanta, ta ƙone su ta kulle shi a ɗaki har jikinsa ya manta?

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri, kin kai ni inda ya fi muhimmanci, kuma amsar ita ce a'a. Wanda ya daɗe yana shan carisoprodol ko diazepam ko baclofen, idan aka yanke masa rana ɗaya, kuzarin nan da na ce ƙwaƙwalwa ta tara sai ya taso babu abin da zai tare shi. Barci zai ƙaurace masa, hannunsa zai yi rawa, zai yi gumi da amai, yana iya ganin abin da babu shi, yana iya faɗuwa yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, kuma wannan yana iya kisa. Da yawa a nan ne ake cewa iskoki sun taɓa yaro. Abin da za ki yi shi ne ki ajiye fallen maganin, kada ki jefar, ki tafi da shi da yaron wurin lokotoro, domin sunan da ke jiki shi zai nuna abin da ake fama da shi. Lokotoro zai riƙa rage masa kaɗan-kaɗan cikin makonni, ya kuma duba ciwon da ya sa aka fara tun farko.

Idan kuwa kin tarar da shi ba ya farkawa, numfashinsa yana ja a hankali, leɓensa ya sauya launi, kada a ɗura masa madara ko ruwa ko manja, domin huhunsa za su tafi. A kwantar da shi ta gefe, a ɗaga haɓarsa, a nemi mota nan take. Ku kuma ɗalibai, ku sani allurar naloxone tana karya tapentadol da tramadol, amma ba ta taɓa carisoprodol, don haka ko ya buɗe ido bayan allurar, kada ku sallame shi, ku ci gaba da ƙirga numfashinsa. Shugaban taro yana nuna mini agogo, sauran masu tambaya su same ni a bakin ƙofa bayan sallar la'asar.