Ka fara koyon tuƙa jirgin sama, sai ƙaura ta kama ka: ina makomar awoyinka?

Jama'a sannunku. A ce mutum ya yi awa 28 a sama, har ya taɓa tashi shi kaɗai ba malami a gefe, kwatsam aiki ko karatu ya ɗauke shi zuwa wata ƙasa. Tambayar da ke hana shi barci ita ce shin awoyin nan da ya zuba wa kuɗi sun bi ruwa kenan?

To ga yadda abin yake. ICAO, wato hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ta sa ƙa'ida ta bai ɗaya, awa 40 kafin a ba da PPL, wato lasisin tuƙa jirgi na ƙashin kai ba na kasuwanci ba, amma kowace ƙasa da nata ƙarin. A Amurka hukumarsu ta jiragen sama, FAA, na neman awa 40, ciki har da 20 da malami, 10 kai kaɗai, da awa 3 na dare. A Turai tasu hukumar, EASA, awa 45 take so, 25 da malami, ga jarrabawar takarda har darasi 9. Kanada ma 45 ne.

Abin da mutane da yawa ba sa ganewa sai sun isa can shi ne, ƙasashe sun fi sanin mai lasisi a hannu, ɗalibin da ya tsaya rabi kuwa sai a hankali. In kana da cikakken PPL na wata ƙasa, FAA za ta iya ba ka takardarta a kan naka bayan ta tabbatar da shi daga hukumar da ta ba ka, ba sai ka sake gwajin tuƙi ba. In rabi ka yi, Amurka dai tana da sauƙi, dokarsu ta yarda a ƙirga horon da malamin wata ƙasa da ke cikin ICAO ya ba ka a wajen Amurka, sai dai ba shi zai tura ka jarrabawa ba, dole malamin FAA ya hau jirgi da kai ya gani da idonsa sannan ya sa hannu. Turai ce da tsauri, don su horo a makarantar da suka amince da ita suka sani, saboda haka kar ka ɗauka za su karɓi awoyinka haka kawai, ka rubuta wa sabuwar makarantar da kuma hukumar ƙasar tun kafin ka sayi tikiti, kuma ka nemi amsa a rubuce, ba ta waya ba.

In ba ka kai ga lasisi ba, jarrabawar takarda da gwajin lafiya kam kusan ko'ina sabo za ka yi, dokokin sama sun bambanta, likita ma sai nasu.

Yanzu ɗauko logbuk ɗinka, littafin da ake rubuta awoyin tashinka, ka buɗe, wallahi nan ne mutane ke kuka. Bi layi layi: kwanan wata, lambar jirgi, inda ka tashi da inda ka sauka, me aka koya maka ranar, sa hannun malami da lambar lasisinsa. Layi ɗaya in ba sa hannu ana iya ƙin ƙirga shi, kuma malaman nan ba sa daɗewa, da sun tara awoyi sun tafi kamfanin jirage, nemo su ya zama aiki. Ka karɓi kwafin fayil ɗinka da hatimin makaranta tun kana nan, ka ɗauki hoton kowane shafi.

Ni dai in awa 10 ko 15 suka rage maka, shawarata ka daure ka ƙarasa a inda kake ko da za ka ɗage tafiyar da wata biyu. In kuwa awa 8 kawai ka yi, tafi abinka, ko ba su ƙirga ba hannunka ya riga ya san sauka, sai dai ka ware kuɗin 'yan awoyi na sabawa da sabon fili da yadda suke magana a rediyo, don har wannan ma yana ɗan bambanta.