Amsoshin Tambayoyinku: Wai kuɗin da muke turawa yana kaiwa Gaza kuwa?

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da warhaka. Saƙonninku na wannan makon sun taru tuli a gabana kuma kusan duk a kan abu ɗaya suke, batun Falasɗinu da abin da mutum zai iya yi daga nan inda yake, don haka ba wani dogon sharhi, mu shiga kawai.

Na farko daga wata baiwar Allah ce a Rijiyar Lemo, Kano. Ta ce a guruf ɗinsu na WhatsApp na matan unguwa aka turo lambar akawun wai ana tara wa yaran Gaza, ta tura dubu biyar, sai da alat ya shigo ta lura sunan mutum ɗaya ne a jiki ba na ƙungiya ba, tun ranar zuciyarta ba ta kwanta ba. Wai kuɗin zai kai?

To Hajiya, ladanki dai in sha Allahu yana nan, Allah niyya yake dubawa. Amma bari in ba ki labarin hanyar da kuɗin zai bi, ke da kanki sai ki yi hukunci. Da farko naira ba ta ci a Gaza, shekel suke kashewa, kuɗin Isra'ila, to dole wani ya canza nairarki zuwa dala. In a waya aka tura wa wani iyali a can, bankuna sun rushe, tun da yaƙin ya fara a Oktoban 2023 Isra'ila ta hana shigar da sababbin takardun kuɗi, sai mutum ya je wajen masu canji ya tura musu ta waya su ba shi a hannu, kamar dai masu POS ɗinmu, sai dai su a can akwai lokacin da a 2025 cajin ya kai kusan kashi 40 cikin ɗari, wato a tura maka 100 ka karɓi 60, takardun ma sun tsufa sun yayyage har liƙa su ya zama sana'ar wasu a kasuwa.

In kuma kaya za a saya, yawancinsu a Arish ake sauke su a Masar, ƙungiyar Red Crescent ta Masar ke karɓa, a loda wa tireloli su yi layi, sojan Isra'ila su bincika, sannan a shiga ta Rafah ko Karam Abu Salim in an buɗe. Kafin yaƙi mota wajen 500 ke shiga a rana. A Mayun 2024 Isra'ila ta ƙwace mashigar Rafah ta ɓangaren Gaza, ranar 2 ga Maris 2025 kuma aka rufe ko'ina ruf, wajen mako 11 ko buhun fulawa bai shiga ba, kuma a watan Agustan shekarar masu auna yunwa da Majalisar Ɗinkin Duniya ke aiki da su suka ce matsananciyar yunwa ta tabbata a birnin Gaza da kewaye. To Hajiya in manyan ƙungiyoyi masu jirage da lauyoyi suna shan wannan wahala, wani bawan Allah mai akawun ɗinsa na kansa ta ina zai bi? Ban ce ɓarawo ne ba fa, kar a je a ce na ce, wataƙila mutumin kirki ne da zai miƙa wa wasu. Ki koma guruf ɗin ki tambaya a mutunce, wa zai karɓa a can, nawa aka tara, ina rasit. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar, in kika ga an fara cewa ke ba ki da imani ko ki bar wa Allah, to kin samu amsarki.

Gaba kuma ki nemi waɗanda suke da ma'aikata a cikin Gaza ɗin. Akwai Red Crescent ta Falasɗinu masu motocin ɗaukar marasa lafiya, akwai likitocin MSF waɗanda mun san su a nan Jahun da Maiduguri da Maraɗi, akwai hukumar abinci ta duniya da UNICEF, akwai UNRWA da aka kafa tun 1949 saboda ƴan gudun hijirar Falasɗinu, ita ce mai makarantu da asibitocin sha-ka-tafi a sansanoni, duk da majalisar Isra'ila ta yi dokar hana ta aiki a Oktoban 2024. Na san katin naira ba kullum yake yarda ya biya a shafin waje ba, to ku haɗa kuɗin a hannun mutum uku da aka sani, wanda yake da akawun ɗin dala ya biya a gabanku, a turo sikirinshot a guruf kowa ya gani. Kuma ku rubuta adireshin shafin da hannunku, kar ku danna link ɗin da aka turo, ƴan damfara sun iya kwaikwayon tambari kamar me.

Sai wani ɗalibi daga Damagaram, ya ce shi ko kuɗin data da ƙyar yake samu, abin da yake iyawa shi ne sharin, amma abokansa na yi masa dariya wai fostin ba ya tare harsashi.

Ƙanena gaskiyarsu ba ya tarewa, amma ka tambaye su me ya sa Isra'ila ta hana ƴan jaridar waje shiga Gaza su kaɗai in dai labari ba ya komai. Abin da duniya ta gani ƴan jaridar cikin Gaza ne suka ɗauko shi da ransu, ka tuna Wa'il Dahduh na Aljazeera yana bakin aiki aka gaya masa an kashe matarsa da ƴaƴansa, bayan wata biyu da ɗoriya aka kashe babban ɗansa Hamza, Anas Sharif kuma a Agustan 2025 aka kashe shi a tanti kusa da asibitin Shifa. To mutanen da suka biya wannan farashi ba su cancanci ka haɗa aikinsu da ƙarya ba, kuma nan ne matsalarmu take wallahi. Hotunan yaƙin Siriya da na girgizar ƙasar Turkiyya ta 2023 an yi ta yawo da su ana cewa Gaza ce, shi kansa hoton tantunan Rafah ɗin nan da mutum sama da miliyan 40 suka saka a Instagram a Mayun 2024 kwamfuta ce ta zana shi. Duk ƙarya ɗaya da aka kama, da ita ake ƙaryata gaskiya goma. Kafin ka tura ka duba wa ya ɗauka, yaushe, a wane gari, in babu ko ɗaya ka bar shi. Sannan don Allah gawar yaro ba abin neman layk ba ce, ɗan wani ne.

Kuma ka karanta. Mutum nawa cikin masu ihu a TikTok za su iya gaya maka Gaza duka-duka tsawonta kilomita 41 ne kuma mutum sama da miliyan biyu ke ciki, yawancinsu jikokin waɗanda aka kora daga garuruwansu a 1948, abin da suke kira Nakba, lokacin da mutum sama da 700,000 suka rasa gidajensu? In kana bayani ka faɗi komai, harin Hamas na 7 ga Oktoba ya kashe mutum wajen 1,200 an kama kusan 250, ma'aikatar lafiyar Gaza kuma ta ce zuwa ƙarshen Yulin 2025 waɗanda aka kashe sun haura 60,000. Wanda ya faɗi duka biyun shi ake saurara.

Wani Alhaji ɗan kasuwar Singa ya ce yara sun addabe shi da wata takarda mai jerin kayan da aka ce a ƙaurace wa, rabin shagonsa na ciki, ya zai yi?

Alhaji ranka ya daɗe, waɗannan jerin na WhatsApp kowa ƙara nasa yake, wani ma abokin gabar kasuwancinsa zai cusa. Su Falasɗinawan da suka fito da kiran ƙauracewar a Yulin 2005, ƙungiyoyi sama da 170, wanda ake kira BDS, ba su ce a bar komai ba, kamfanoni kaɗan suke zaɓa waɗanda suke da hujja a kansu a taru a kansu har su ji a jikinsu. Kuma ana ji. McDonald's, bayan wakilinsu na Isra'ila ya raba wa sojoji abinci kyauta, ciniki ya faɗi a ƙasashen Larabawa da Malesiya da Indonesiya har a 2024 uwar kamfanin ta saye shagunan nan 225 daga hannunsa. Abin dariyar, na ga ƴan Kano suna rantsuwa sun bar McDonald's alhali babu shi a Najeriya gaba ɗaya. Batun lamba 729 da ke farkon bakod ɗin jikin kaya, ita tana nuna kamfanin a Isra'ila ya yi rajistar lambar ne, kamar yadda 615 take ta Najeriya, ba ta gaya maka inda aka yi kayan. Kayan da ka riga ka saya da kuɗinka ka sayar da abinka, in za ka sake sari sai ka duba, masu zagin mai shago kuma su ji tsoron Allah.

Wannan kuma ya zo da zafi, daga Gusau. Ya ce ana kwashe mu kullum a Zamfara ba wanda ya canza hoton furofayil, ga Sudan tun Afrilun 2023 ana kashe mutane har da Hausawa ƴan'uwanmu, sai Gaza kawai kuka sani?

Malam ban ga laifinka ba, kuma ba zan yi maka wa'azi ba. Kana da gaskiya, wanda ya tsallake ƴan gudun hijira a bakin titin garinsu ya je yana kukan Rafah a Facebook akwai gyara a lamarinsa, ko a fiƙihunmu na Malikiyya ma zakka a inda aka tara ta ake rabawa sai in akwai waɗanda suka fi tsananin buƙata a wani wuri. Inda na saɓa da kai shi ne cewa sai an bar ɗaya za a yi ɗaya. A 1976 Najeriya ta buɗe asusun taimakon baƙaƙen Afirka ta Kudu, ma'aikatan gwamnati aka riƙa yankar kashi 2 na albashinsu, ɗalibai na haƙura da abinci su ba da kuɗin, lokacin ma muna da talakawanmu ai. Yau ita Afirka ta Kudun ce ta kai Isra'ila kotun duniya a Disambar 2023. Abin da na lura da shi, masu bayarwa can su ne dai masu bayarwa nan, wanda ba ya bayarwa kuma ko'ina ba ya yi.

Wata ƴar'uwa Kirista daga Jos ta ce tana so ta taimaka amma ana nuna mata kamar abin na Musulmi ne. Ƴar'uwa bismillah, akwai Kiristoci Falasɗinawa a Gaza da Baitalami, cocin Saint Porphyrius mai ɗaruruwan shekaru an kai masa hari a Oktoban 2023 mutane na fake a ciki, asibitin Ahli kuma da kike ji a labarai na cocin Angilika ne.

Na ƙarshe, ga mai haɗa sauti yana nuna min agogo, wasu matasa daga Kaduna na tambaya ko su fita zanga-zanga. Haƙƙinku ne, Najeriya ma ta amince da ƙasar Falasɗinu tun 1988 akwai ofishin jakadancinsu a Abuja, amma ku sanar da ƴansanda a rubuce, ku san wa ya shirya kuma wa zai tsaya in ta ɓaci, kar ku ɗauki ƙananan yara, mun ga yadda muzaharar ranar Ƙudus ta ƙare da gawarwaki a Zariya a 2014. In ba ku da wannan tsarin ku kama ɗakin taro a makaranta ku gayyato malamin tarihi, ku rubuta wa ɗan majalisarku takarda da sa hannun mutum ɗari biyu, ku roƙi liman ya yi alƙunut.

Masu tambaya kan layin waya na eSIM da ake saya wa mutanen Gaza, na ga saƙonninku guda huɗu, da su za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A ci gaba da turowa ta lambar da kuka saba, a rubuta gari don Allah. Sai an jima.