Yadda Za Mu Rubuta Salsala a Dangin da Auren Zumunci Ya Sarƙa

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa, barkanmu da haɗuwa.

An nemi a yi bayani kan rubuta salsala don 'ya'yan da muka haifa a nan, to bari mu fara da lissafi. Kowa yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8. Amma idan uba da uwa 'ya'yan wa da ƙane ne, guraben nan 8 mutum 6 ne ke cike su, domin miji da mata ɗaya sun fito ta ɓangaren uba, sun sake fitowa ta ɓangaren uwa. A nan yawancin masu rubutu ke tuntuɓe: sai su shigar da tsoho ɗaya sau biyu, bayan shekara guda a rasa gane mutum ɗaya ne ko biyu.

Maganin shi ne lamba. Akwai tsarin da Michael Eytzinger ya wallafa a 1590, har yau da shi ake aiki. Kai ne 1. Lambar uban kowa ninkin lambarsa ce, ta uwa kuma ninkin ne a ƙara ɗaya. Mahaifinka 2, mahaifiyarka 3, kakanka na wajen uba 4, kakanka na wajen uwa 6. To idan 4 da 6 shaƙiƙai ne, 8 da 12 mutum ɗaya ne, haka 9 da 13. Ka cike bayanin 8 tsaf, a gurbin 12 ka rubuta "duba 8" kawai. Idan kuwa 'yan uba ne, 8 da 12 ne kaɗai suka haɗu, uwayen daban, mutum 7 ke nan. Saboda haka kada a tsallake sunan uwa ko na ɗa ɗaya. Da an ce "ai ɗan'uwansa ne", ka tambaya: uwa ɗaya uba ɗaya?

Kuskuren kan zo ta ɗaya gefen ma. Gida mai Muhammadu uku, kaka da jika da ɗan ƙane, manhajar kwamfuta za ta ce a haɗe su. Kada ka yarda sai sunan uba, sunan uwa da shekarun haihuwa sun dace. Laƙabi a rubuta shi kusa da sunan yanka. Ɗan riƙo, agola da ɗan'uwan shayarwa a sa musu alama daban, kada a ja musu layin jini. Manhajar Gramps kyauta ce, tana karɓar mutum ɗaya ta hanyoyi biyu, kuma tana fitar da fayil ɗin GEDCOM, wato fayil na musayar bayanan salsala tsakanin manhajoji, da za ka aika wa dangi.

Sai gwajin DNA, wanda matasanmu suka fi ɗoki. Taubasai kan yi tarayya a kusan kashi 12.5 cikin 100 na DNA ɗinsu. Idan wa da ƙane suka auri ya da ƙanwa, 'ya'yansu kan kai kusan kashi 25, daidai da 'yan uba, har kamfanin gwajin ya nuna su a haka. Don Allah kada wani ya ɗauki wannan ya tayar da husuma a gida. Inda aka daɗe ana auren juna, ƙananan guntayen DNA da ake tarayya a kansu kan taru su sa na nesa ya zama kamar na kusa. Ka duba tsawon guntu mafi girma, ba jimilla ba, sannan ka gwada da abin da dattawa biyu suka faɗa maka, kowa a zamansa daban.

Wassalamu alaikum.