Wane Ne Baƙon Lago? Ga Inda Masu Kallon High Plains Drifter Ke Ruɗewa

Mutum ya fito daga cikin hucin rana a kan doki, ba suna, ba gari. Ya shiga shagon aski, kafin a goge masa kumfa ya aika mutum uku barzahu. Wannan shi ne High Plains Drifter na 1973, fim na biyu da Clint Eastwood ya ba da umarni, kuma shi ne jarumin. Har yau ana musu a kansa: fatalwa ne, ko ɗan'uwan mamaci ne ya zo ramuwa?

Bari mu yi sauri da abin da kowa ya gane. Garin Lago na cikin fargaba, domin an kusa sako 'yan ta'adda uku daga kurkuku, Stacey Bridges da 'yan gidan Carlin biyu. Waɗanda aka ɗauka gadi su ne baƙon ya kashe. Sai manyan gari suka ce to kai ka tsare mu, duk abin da kake so naka ne. Ya ɗauke su da maganarsu. Ya kwashi barguna a kanti ya ba Indiyawa 'yan asalin Amurka da mai kantin ke kora, ya kori kowa daga otel, ya naɗa Mordecai, wadan da ake yi wa dariya, shugaban 'yan doka kuma magajin gari a lokaci guda. Ku dubi fuskar tsohon magajin garin, don Allah.

To, ku rage gudu a nan. Baƙon na kwance a otel, yana mafarki. Dare ne, mutum uku na zane wani da bulala a tsakiyar titi. Jim Duncan ke nan, jami'in tsaro na gwamnati da aka kashe a Lago, shi ne mamacin da ake magana. Mu tsayar da hoton. Ku kalli fuskar da kyau. Mutane da yawa za su rantse Eastwood ne, amma Buddy Van Horn ne, wanda ke shiga madadinsa a wuraren haɗari. Da gangan aka zaɓo mai kama da shi. Kamar ta isa ka yi zargi, amma ba ta isa ka kafa hujja ba.

A rubutun farko na Ernest Tidyman, baƙon ɗan'uwan Duncan ne, kuma wasu fassarar Turai sun mayar da wannan bayani cikin bakin jarumin. Wanda ya kalli irin waɗancan, an riga an warware masa. Eastwood kuwa cire bayanin ya yi. Ya bar mana Sarah, matar mai otel, tana cewa an binne Duncan ba alama a kabarinsa, kuma mamaci irin wannan ba ya samun hutu. Ni dai ina ɓangaren fatalwa. Ɗan'uwa ta yaya zai yi mafarkin daren da bai gani ba, har da inda kowa ya tsaya?

Mu koma kan hoton, amma yanzu ku bar masu bulala, ku kalli gefe. Ga mai kanti, ga wanzami, ga mai wa'azin coci, kowa a laɓe cikin duhu. Duncan na neman taimako, babu wanda ya motsa. Ba tsoro kaɗai ba ne. Duncan ya gano cewa ramin haƙar ma'adinai da garin ke ci da shi yana kan filin gwamnati, in magana ta fita, an rufe kasuwar kowa. Manyan garin ne suka sa a kashe shi, sannan suka ƙulla wa makasan sharrin satar zinare aka ɗaure su. Ana danganta labarin da kisan Kitty Genovese a New York a 1964, inda jaridu suka ce maƙwabta na ji suka yi shiru, ko da yake daga baya an gano an zuzuta rahoton.

Idan ka riƙe wannan, sauran duk sun zauna. Me ya sa ya sa aka shafe garin kaf da jan fenti, ya rubuta Jahannama a allon shiga gari? Duncan da bakinsa ya yi musu wannan baƙar addu'a yana mutuwa. Me ya sa ya koya musu harbi, ya jera su a kan rufin gidaje, sannan da 'yan ta'adda suka doso ya hau dokinsa ya fice? Yana so su ɗanɗani kiran taimako ba mai amsawa. Sai da gari ya kama da wuta ya dawo: ɗaya da bulala, ɗaya ya rataye shi da wata bulalar, Bridges da harsashi, ya mutu yana tambayar wai kai wane ne.

Kada kuma a ɗauka waliyyi ne. Tun farkon fim ya yi wa wata mata fyaɗe, fim ɗin kuma ya wuce wurin kamar abin raha. Ba zan nuna muku ba, kuma a ganina wannan tabo ne da babu fassarar da za ta wanke.

Ruwan da ake gani a bayan garin a fim ɗin tafkin Mono ne a Kalifoniya. A bakinsa aka gina garin takanas, aka kuma cinna masa wuta da gaske. John Wayne, shahararren jarumin finafinan kaboyi, bai ji daɗin fim ɗin ba ko kaɗan, har wasiƙa ya rubuta wa Eastwood cewa mutanen da suka kafa yammacin Amurka ba haka suke ba. Su biyun ba su taɓa fitowa a fim ɗaya ba.